Kwas ɗin intanet na kyauta da littattafan da aka saki: me za su tsinana wa malamar firamare?

Tambaya: Ni malamar firamare ce a Tudun Wada, Kaduna. Ina da NCE, ga aure ga yara, babu halin in koma makaranta in zauna. Kullum sai an turo mana sanarwa a rukuninmu na malamai a WhatsApp cewa Harvard da wasu manyan jami'o'in duniya suna ba da kwas kyauta ta intanet har da satifiket. Shin wannan satifiket zai tsaya mini a madadin digiri wajen ƙarin girma? Sannan an ce akwai littattafai na kyauta da mutum zai iya bugawa ya raba wa ɗalibai. Gaskiya ne, ko za a ce mutum ya yi satar fasaha?

Amsa: Malama, abubuwa biyu kika haɗa a tambaya ɗaya, kuma mutane da yawa suna ɗaukar su abu guda ne alhali kowanne da hanyarsa. Na farko, wato kwasa-kwasan da ake ta yayatawa, shi ne ya fi suna. Na biyu, littattafai da kayan koyarwa da masu su suka saki, ba a cika jin ɗuriyarsa ba, amma a ganina shi ne zai fi yi miki amfani a aji tun daga wannan zangon karatu.

Bari in fara raba ki da wahala: satifiket ɗin kwas na intanet ba zai tsaya miki a madadin digiri ba. In kika kai shi ofishin SUBEB ko sashen ilimi na ƙaramar hukuma, iyakarsa a saka shi cikin fayil. Abin da ake dubawa wajen ɗaga matakin malami shi ne takardar da ta fito daga makarantar da hukumominmu suka amince da ita, wato NUC ga jami'o'i, NCCE ga kwalejojin ilimi, NBTE mai hedikwata a nan Kaduna ga kwalejojin kimiyya da fasaha, sai kuma rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai, da shekarun aiki. Kwas na mako shida ko takwas da kika yi a waya, ko da tambarin Harvard ne a samansa, ba ya cikin wannan lissafi. Ita kanta Harvard ɗin ba ta ɗauke shi a matsayin kin zama ɗalibarta ba.

Yana da kyau ki san inda abin ya samo asali, don ki gane dalilin da ya sa tallarsa ta fi ƙarfinsa. Ana kiran irin wannan kwas MOOC a taƙaice, wato darasin intanet da aka buɗe wa duk mai so, babu jarrabawar shiga, babu ƙayyade yawan ɗalibai. An fara kiransa da wannan suna a 2008, lokacin da George Siemens da Stephen Downes suka koyar da wani kwas a Jami'ar Manitoba ta Kanada: ɗalibai 25 masu biyan kuɗi, sai wasu sama da 2,000 da suka bi ta intanet ba su biya ko sisi ba. Amma ƙurar ba ta tashi sosai ba sai a 2011, da Sebastian Thrun da Peter Norvig suka buɗe darasinsu na ƙirƙirarriyar basira a Jami'ar Stanford ta Amurka, mutum kimanin 160,000 suka yi rajista. Daga nan kowa ya zabura. A 2012 aka kafa Coursera, jami'ar MIT ta Amurka da Harvard suka haɗu suka kafa edX, Udacity ta fito, Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ta sanar da FutureLearn, dukkansu shafukan ba da irin waɗannan kwasa-kwasai. A wancan lokaci har cewa ake yi an kusa daina gina ajujuwa, yaron da ke ƙauye a Afirka zai yi karatu ɗaya da na Amurka.

Ba haka ta kasance ba. Binciken da aka yi a Jami'ar Pennsylvania a 2013 ya nuna sama da kashi 80 cikin 100 na masu bin kwasa-kwasanta na Coursera sun riga sun yi karatun gaba da sakandare. A 2019 kuma Justin Reich da José Ruipérez-Valiente suka wallafa nazarin kwasa-kwasan MIT da Harvard na edX a mujallar Science, suka gano cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai na masu shiga suke kaiwa ƙarshe, kuma mafi yawan ɗaliban daga ƙasashe masu hali suke. Cikin waɗanda suka biya kuɗin satifiket kuwa, kusan rabi sun gama. Mai shi aka ƙara wa, ke nan. Wanda ya riga ya iya karatu shi kaɗai, yana da Turanci, yana da wuta da intanet, shi ya kwashi garaɓasar.

Mu a nan bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, don mun san karatun zaure. Malami ya zauna bayan asuba ko tsakanin magariba da isha'i, duk mai so ya zo da littafinsa, ba rajista, ba kuɗin makaranta, ba takardar da za a kai ofis, amma ilimin na gaske ne. MOOC ya ɗauko buɗaɗɗiyar ƙofar zauren, ya bar abin da ke riƙe ɗalibi a ciki. A zaure malam ya san fuskarki, in kwana biyu ba a gan ki ba za a aiko a tambayi lafiya, ga abokan karatu da za a yi bita tare, in kika karanta ba daidai ba a gyara miki nan take. A waya kuwa in kika daina a mako na biyu babu wanda zai sani, sai dai saƙon imel da kwamfuta ke aikowa kowa.

Su ma kamfanonin da suka ga kyauta ba ta biyan albashi sai suka juya. A 2021 MIT da Harvard suka sayar da edX ga kamfanin 2U a kan dala miliyan 800, shi kuma kamfanin a 2024 ya shiga kotu neman kariya saboda bashi ya yi masa katutu. Yau a yawancin manyan shafukan, abin da ake bari kyauta yana ta raguwa: wani wurin a bar ki ki kalli bidiyo amma a rufe jarrabawa, wani wurin a ɗanɗana miki darasin farko kawai, satifiket kuwa sai da dala. Coursera tana da tsarin tallafi ga marasa hali, ana cike fom a bayyana dalili, a jira kamar mako biyu, kuma 'yan Najeriya da dama suna samu. Akwai kuma waɗanda har yanzu kyauta ne ba wani ɓoye-ɓoye, irin OpenLearn na Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, da Khan Academy, da freeCodeCamp, da CS50, darasin kwamfuta na Harvard wanda ke ba da nasa satifiket ɗin kyauta ga wanda ya kammala ayyukan. Duk sanarwar da ta ce ki tura kuɗin rajista zuwa wani asusun banki na mutum, ko ki tura saƙon ga rukuni biyar kafin a buɗe miki, damfara ce, ki goge.

Ba wai ba zai yiwu a mayar da irin wannan karatu abin lissafi ba ne. Indiya ta yi. Gwamnatinsu ta kafa dandalin SWAYAM, malaman jami'o'insu ke koyarwa, kallon darasi kyauta ne, amma mai son satifiket sai ya biya ɗan kuɗi ya je cibiya ya zauna jarrabawa ana tsaye a kansa, sannan jami'arsa ta ƙirga masa makin cikin digirinsa, har zuwa kashi 40 cikin 100 na kwasa-kwasan zango bisa ƙa'idar 2021. Abin da ya ba takardar daraja shi ne jarrabawar da aka tsare da kuma dokar da ta ce a karɓa. Ƙasar da kusan mutum miliyan biyu ke zana JAMB duk shekara, ga cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta a ko'ina, ya kamata a ce ta yi nisa a wannan hanya. Wannan dai ƙorafina ne ga masu tsara manufofi, ba zai canza miki lissafin bana ba.

In digiri kike nema ba tare da barin gida da aiki ba, hanyar tana kusa da ke. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, tana nan Rigachikun kan hanyar Zariya. Tun 1976 aka kafa ta, lokacin shirin UPE na ilimin firamare ga kowa, musamman don horar da malamai daga nesa, kuma bayan NCE da PGDE tana gudanar da shirin digiri da haɗin gwiwar NOUN, wato Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, ana haɗuwa da malamai a cibiyoyi a ƙarshen mako. Ita NOUN ɗin, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a zamanin Obasanjo, tana da cibiyar karatu a Kaduna. Jami'ar Ahmadu Bello ma tana da cibiyar karatu daga nesa. Duk waɗannan da kuɗi ake yi, da jarrabawa, da shekaru, amma takardarsu ita ce ake karɓa. Kafin ki sayi fom ki je ofishinku ki tabbatar kwas ɗin da kika zaɓa na fannin ilimi ne da za a lissafa miki, kuma ki nemi izinin ƙaro karatu a rubuce, don an sha ganin wanda ya gama karatu aka ce ba da sanin ofis ya yi ba. Digirin intanet na wata jami'ar waje da ba ki taɓa jin sunanta ba kuwa, ki yi taka-tsantsan. Kin tuna a farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida. Tun daga lokacin ake sa ido sosai a kan takardun waje.

To ina amfanin kwas ɗin MOOC? Yana nan, in abin da kike so iyawa ce. Makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyin agaji da kamfanonin fasaha sukan duba abin da mutum ya iya yi da hannunsa, kuma satifiket irin wannan yana nuna musu mutum mai ƙwazo ne. Malamar da ta koyi dabarun koyar da karatu ga ƙananan yara, ko sarrafa Excel don haɗa sakamakon jarrabawa, ko ta gyara Turancinta, ta ƙaru ko da ba a ƙara mata ko kwabo a albashi ba. Shawarata ita ce kwas ɗaya tak, gajere, wanda za ki yi aiki da shi a aji ranar Litinin. Kada ki yi rajistar biyar don kin ga kyauta ne. Ki sauke bidiyon da datar dare ki kalla da rana, ki rage ingancin hoton, don awa guda ta bidiyo mai tsabtar hoto tana iya lashe gigabait ɗaya ko fiye, alhali in an rage bai kai rabin haka ba, kuma tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025 kowa ya san data ba abin wasa ba ce. Yawancin darussan suna da rubutaccen bayanin duk abin da malamin ya faɗa. Wannan rubutu ba ya cin data, kuma yana taimakon wanda Turancin Amurkawa ke yi masa sauri.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne kada ki yi shi ke kaɗai. Ki samu malamai uku ko huɗu a makarantarku, ku ɗauki kwas ɗaya, ku sa rana, ko bayan tashi ranar Alhamis ne ko safiyar Asabar. Mutum ɗaya ya sauke darasin ya tura wa saura ta Xender, ku kalla, ku tsaya ku tattauna da Hausa, kowa ya faɗi yadda zai gwada a ajinsa, mako mai zuwa a dawo da labari. An gwada irin wannan da'ira a ɗakunan karatu na birnin Chicago, hukumar ɗakunan karatu ta Kenya ma ta ɗauka, kuma abin da ake gani shi ne mutane sun fi jurewa in akwai waɗanda ke jiran su. Ni ma cikin ɗalibaina, waɗanda na ga sun kai ƙarshen irin wannan kwas kusan duk 'yan rukuni ne.

Yanzu ga tambayarki ta biyu. E, gaskiya ne, akwai littattafai da darussa da hotuna da masu su suka ba da izini a rubuce cewa kowa ya kwafa, ya buga, ya raba, sau da yawa har ya gyara ko ya fassara. Su ake kira OER. Sun ma girmi MOOC: a 2001 MIT ta sanar za ta zuba kayan darussanta a intanet, a 2002 wani taron UNESCO a Paris ya raɗa wa abin suna, a Nuwamban 2019 kuma ƙasashe mambobin UNESCO, har da Najeriya, suka amince da shawarar bunƙasa shi. Bambancinsu da kwas ɗin Coursera babba ne. Bidiyon Coursera an ba ki damar kallo ne kawai, mallakarsa na hannun masu shi, ba ki da izinin fassara shi ki rarraba. Littafin OER kuwa in kika sauke ya zama naki, ko gobe shafin ya rufe, ko data ta ƙare, yana nan.

Yadda za ki gane shi ne ki duba shafin farko ko na ƙarshe, ki nemi alamar lasisin Creative Commons, haruffa biyu CC, da wasu haruffa a gabansu. In kika ga BY, sharaɗin shi ne ki ambaci sunan mai aikin, kada ki goge ki sa naki. SA na nufin in kika gyara ko kika fassara, ke ma ki saki naki da irin wannan lasisi. NC na nufin ba na kasuwanci ba ne, kina iya raba wa ɗalibai amma ba ki buga ki kai kasuwa ki ci riba ba. Wanda za ki fi lura da shi shi ne ND: an yarda ki kwafa ki raba yadda yake, amma ban da sauyi, kuma fassara sauyi ce. Don haka littafin da ke da ND ba za ki mayar da shi Hausa ki rarraba ba sai da izinin mai shi. Littafin da babu irin wannan alama a jikinsa, ko da kin same shi a WhatsApp ko Telegram a matsayin PDF, ki ɗauka yana da mai shi. Yawancin littattafan makaranta da ke yawo a rukunoni na sata ne, an ɗauki hotonsu ne kawai aka watsa, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta shafi abin da ake yaɗawa ta intanet.

Ga misali da za ki iya yi da wayarki a daren yau. Ki shiga shafin African Storybook, wanda ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta buɗe a 2014. Ki zaɓi Hausa a jerin harsuna. Za ki ga ƙananan littattafan labari masu hotuna, an kasa su mataki biyar, daga mai 'yan kalmomi a shafi har zuwa mai sakin layi. Ki ɗauki na mataki na ɗaya ko na biyu don 'yan aji biyu, ki sauke nau'in da aka tsara don bugawa, ki kai shagon fotokwafi a buga gaba da baya a takardar A4, a ninke biyu a danna masa sitefula a tsakiya. Littafi ya samu. Ko kwafi goma kika iya, yara huɗu-huɗu ko biyar-biyar za su zagaye ɗaya, kuma a ajin da yara da yawa ba su taɓa riƙe littafin labari da harshensu ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In labarin da kike so da Turanci yake, shafin yana ba da damar fassarawa: ki mayar da shi Hausa, ki sauya sunan yaron ya zama irin namu, abincin da ba su sani ba ya koma ɗanwake, hotunan na nan yadda suke. StoryWeaver na Indiya ma haka yake aiki, kuma yana da labarai da Hausa.

Sai dai ki karanta kafin ki buga. Wasu fassarorin Hausar da ke waɗannan shafuka suna da rauni, za ki tarar an rubuta k a wurin ƙ, d a wurin ɗ, an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, wani lokaci jimlar ma Turanci ce aka sa mata kalmomin Hausa. Yaron da ke koyon haɗa baƙi ba ya buƙatar wannan ruɗani. Daɗin abin shi ne lasisin ya ba ki ikon gyarawa, abin da ba za ki iya yi da littafin kamfani ba.

Don ke kanki kuma, ki nemi kayan TESSA, shirin horar da malaman Afirka kudu da Sahara da aka fara a 2005 ƙarƙashin jagorancin Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, wanda NTI ɗinmu na cikin cibiyoyin da suka yi aikinsa. An rubuta su ne don malamin firamare mai cunkoson aji da ƙarancin kayan aiki, a fannonin karatu da rubutu, lissafi, kimiyya, zamantakewa da dabarun rayuwa, suna nuna yadda za a koyar da marafan kwalba da tsakuwa da abin da ke tsakar gida. Wannan ya fi kusa da halin ajinki fiye da laccar farfesan da bai taɓa ganin yara tamanin a ɗaki ɗaya ba. NOUN ma tana zuba littattafan kwasa-kwasanta a shafinta, kowa na iya saukewa ya karanta, don haka kina iya leƙa na fannin ilimi ki auna ƙarfinki kafin ki kashe kuɗin fom. Akwai kuma Nigeria Learning Passport, wanda ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar a Maris 2022, an tsara shi bisa manhajar karatunmu, da darussa har da na Hausa. In makarantarku na da kwamfuta ko da guda ɗaya ce, manhajar Kolibri tana ɗaukar darussa masu yawa a yi amfani da su babu intanet. Manyan littattafan OpenStax na Jami'ar Rice kuwa, na kimiyyar halittu da lissafi da sauransu, masu kyau ne ƙwarai amma yawancinsu na 'yan jami'a ne kuma bisa tsarin Amurka, sai dai ki ajiye wa ƙannenki da ke KASU ko Kadpoly.

Inda muke da babban giɓi shi ne kusan kullum mu masu ɗauka ne. Malaman firamare nawa ne a Kaduna da Zariya suke da waƙoƙin koyar da baƙaƙe, da tatsuniyoyi, da dabarun koyar da jadawalin sau, waɗanda suka ƙirƙira da kansu, suna cikin tsohon littafin shirin darasi, in sun yi ritaya abin ya tafi da su? Ba sai farfesa ne zai rubuta littafin 'yan aji ɗaya ba, wadda ke tsaye gaban allo kullum ta fi shi sanin kalmar da yaro ke tuntuɓe a kai. African Storybook na da manhajar waya ta haɗa labari, ki rubuta, ki ɗauki hoton zanen da ɗalibanki suka yi ki saka. Ki tabbata dai labarin naki ne ko na gargajiya da ba shi da mai shi, kuma kada ki sa hoton fuskar yaro ba da yardar iyayensa ba.

Duk abin da kika buga daga aikin wani, ki bar shafin ƙarshen nan mai ɗauke da sunan marubuci da mai zane da alamar lasisi, kada mai fotokwafi ya cire don rage kuɗin takarda. In kin fassara, ki ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa ke kika fassara, da shekarar. Sannan ki nuna wa hedimasta wannan shafi tun kafin ki raba wa yara, don in mai duba makarantu ya zo ya tambayi inda littafin ya fito, amsar tana rubuce a jikinsa.